Sunan da Ladan Ya Tsallake

INNA: Salamu alaikum. Alo? Alo? Aina'u, anya ya shiga kuwa? Ni ba na jin komai sai huci.

NABABA: Wa alaikumussalam. Ya shiga, Inna, ina jin ki. Nababa ne. Ina wuni?

INNA: Wa?

NABABA: Nababa, Inna. Ɗanki. Ai ke kika kira ni.

INNA: Na san ni na kira ka. Ido aka yi mini aiki, ba hankali ba. Kana ina ne haka iska take kwashe maganarka?

NABABA: Ina gona, ta bakin fadama. Bari in matsa gindin ɗorawa, can ya fi kamawa. Yauwa. Ina wuni, Inna? An wuni lafiya?

INNA: Lafiya lau. Ya gida?

NABABA: Lafiya ƙalau. Ya jikin? Ya idon?

INNA: Da sauƙi. Ya Fadima da yara?

NABABA: Duk lafiya, suna gaishe ki. Ya mutanen Bacirawa? Ya Aina'u da maigidanta?

INNA: Ga ƙanwar taka nan tsaye a kaina kamar mai gadin asibiti. Kar ki sunkuya, kar ki je kusa da hayaƙi, kar ki sosa. Na gaji da zaman birni, Nababa. Ya ruwa a wajenku?

NABABA: Alhamdulillahi, an sha shekaranjiya har kwari ya cika. Gero ya fara fitar da kai. Gyaɗar ce dai ciyawa ta so ta fi ƙarfinta.

INNA: Akuyata fa?

NABABA: Ta haihu.

INNA: Ta mutu?

NABABA: Ta haihu, Inna! Tagwaye, duk mata.

INNA: To, madalla. Duk mata. Ka ga kuwa ba ka yi baƙin ciki ba.

NABABA: Baƙin cikin me? Ai arziki ne.

INNA: A garke arziki ne. Uhm. Gobe Juma'a ko?

NABABA: In Allah ya kai mu.

INNA: Har yanzu dai kai ne ladanin masallacin namu? Ba a canja ka ba tun da na taho?

NABABA: Wace irin tambaya ce wannan, Inna? Wa zai canja ni?

INNA: Kuma har yanzu in an sallame sallar Juma'a kai kake riƙe lasifika, ka kira sunayen 'ya'yan garin da ke aikin soja, Liman ya yi musu addu'a, jama'a su shafa?

NABABA: Haka ake yi.

INNA: Juma'ar da ta wuce sunan wa da wa ka kira?

NABABA: Inna, in wannan maganar ce, ki bari sai kin dawo gida mu zauna.

INNA: Ban dawo ba. Tambayarka na yi. Sunan wa da wa?

NABABA: Kamaruddeen na Nata'ala mahauci. Da Abdulrashid na gidan Mai Unguwa. Da Abdulsalam.

INNA: Sai wa?

NABABA: Sai na ce da sauran 'ya'yan Musulmi duk inda suke.

INNA: Sauran. Takwarar tawa ce sauran? Jikata, 'yarka ta cikinka, ita ce ƙanzon gindin tukunya?

NABABA: Ummi tana cikin addu'ar, Inna. Allah ya san wadda nake nufi.

INNA: Allah bai san Kamaruddeen ba ne, da sai ka gaya masa sunansa har da na ubansa har da sana'ar uban?

NABABA: Subhanallahi. Inna, ki daina irin wannan.

INNA: Kai ka fara daina naka.

NABABA: To wa ma ya kawo miki wannan zancen har Bacirawa? Fadima ce ko? Wallahi in na koma gida...

INNA: Ka bar matarka ta sha ruwa. Ba ita ba ce. Yarinyar da kanta ta ji.

NABABA: Wace yarinyar?

INNA: 'Ya'ya mata nawa ka haifa masu ɗaukar bindiga?

NABABA: Ummi tana bariki, ta yaya za ta ji abin da aka faɗa a masallacin ƙauye?

INNA: Ka manta Maimunat ƙawarta katangarsu ɗaya da masallaci? Ta kira ta, ta ce in an sallame ki ɗaga mini wayar sama in ji muryar Baba. Maimunat ta hau turmi, ta miƙa hannu ta saman katanga. Takwarata ta ji ka tsaf ta cikin wayar. Ta ji Kamaruddeen, ta ji Abdulrashid, ta ji Abdulsalam. Ta tsaya tana jira. Sai ta ji jama'a sun ce amin. Alo? Ya yanke ne? Aina'u, duba mini.

NABABA: Ina nan.

INNA: To yi magana mana.

NABABA: Maimunat ba ta kyauta ba. Matar aure a kan turmi tana leƙen masallaci.

INNA: Au, laifin turmi ne yanzu.

NABABA: Inna, ke kin fi kowa sanin dalili. Sunanki ne da ita. Tun ranar da aka raɗa mata shi ban taɓa buɗe baki na kira shi ba. Ummi nake ce mata, kowa ya sani. Ga ta kuma 'yar fari. Yanzu a ce in ɗauki lasifika, gaban dattawan gari, in kwarara sunan mahaifiyata? Ina kunya ta tafi? Ai sai a ce Nababa ya taɓu.

INNA: Kunyar wa kake ji?

NABABA: Taki mana.

INNA: To na yafe. Sunan nawa ne, ubana ya yanka mini rago a kansa, ba aro na yi ba. Hauwa'u. Ka ji na faɗa, ba abin da ya faɗo daga sama. Na ba ka shi kyauta, ka kira.

NABABA: Ba haka ake yi ba, Inna. Al'ada ce.

INNA: Ni za ka koya wa al'ada? Ni da na yi shekara da shekaru ban kira sunan ubanka ba har ya koma ga Allah? Na san alkunya, Nababa, kuma na san mai ɓuya a bayanta. Bayan damin kara kake laɓe, ƙafafunka duk a waje.

NABABA: Ba ɓuya nake ba.

INNA: To da sunanta Laraba ne ko Talatu, da ka kira?

NABABA: Wannan kuma wata magana ce.

INNA: Ita ce maganar. Da ka kira?

NABABA: Da ban kira ba! Tunda so kike in faɗa. Da ban kira ba. Jerin nan na maza ne. Maza ke zuwa yaƙi, haka muka taso muka gani. Mace ta sa wando, ta rataya bindiga, ta kwana a daji cikin ƙarti, sannan ni ubanta in hau lasifika in yi shela? In ce jama'a ku zo ku ga abin da gidan ladan ya haifa?

INNA: Yauwa. Yanzu ka fito fili, ɗan nan. Da can kana ta kewaye-kewaye kamar jakin da ya ga rijiya.

NABABA: Kin san ban so tafiyar nan ba tun farko. Ke kika ɗaure mata gindi. Kika ce a bar ta, ai ta yi makaranta. Ga shi nan.

INNA: Ga me nan? Ta yi sata ne? Ta kawo maka abin kunya a zane?

NABABA: Allah ya kiyaye. Amma mutane ba su san da haka ba. Abin da za su ce...

INNA: Mutane ai aikin asibiti suka san tana yi. Ba haka ka gaya musu ba? Har Hure mai ƙosai ta tare ni kafin in taho, wai in takwara ta zo hutu ta duba mata hawan jini. Na rasa inda zan sa fuskata. Yarinyar da ko allura ba ta iya kallo.

NABABA: Na ce tana aiki a bariki. Su suka ƙara asibiti.

INNA: Kai kuma ka gyara musu?

NABABA: Ban ga dalili ba.

INNA: Ba ka ga dalili ba. Ladan guda, mai tashin mutane da asuba.

NABABA: Inna, don Allah. Ina cikin gona, akwai mutane kusa.

INNA: Su ji. Su wa ke nan? In Nata'ala ne miƙa masa wayar in tambaye shi. Wannan Kamaruddeen ɗin nasa da kake kira farko, ba shi ne ya haye rumbu yana ihu ranar da kububuwa ta fito daga cikin kara ba? Wa ya kashe ta? Takwarata, da taɓarya, tana 'yar ƙwaila. Ɗan mahauci guda yana saman rumbu yana kiran uwarsa.

NABABA: Yarinta ce wannan. Yanzu ya zama namiji.

INNA: Allah ya ƙara masa. Ba na baƙin ciki da ɗan kowa, ni na yanke masa cibiya. Amma horon da aka ba shi, shi aka ba ta. Ta ce gudun da suka yi tare suka yi, ramin da suka kwana iri ɗaya ne, bindigar ma ba a rage mata nauyi ba don ita mace ce. Yanzu ma ita aka ɗora a kan babbar nan ta bayan mota.

NABABA: Wace babba?

INNA: Wadda ake kafewa a bayan mota, mai ɗamarar harsashi. Ta ce a cikinsu ita ta fi saiti.

NABABA: Inna lillahi. Ita ce a sama ke nan? A fili?

INNA: Yo a ina ake kafa ta, a ƙarƙashin gado?

NABABA: Kin san wanda ke sama shi ake fara hari? Kin san wannan kuwa? Kina faɗa kamar ta ci gasar karatu!

INNA: Kar ka ɗaga mini murya.

NABABA: Ban ɗaga ba, iska ce.

INNA: Iskar ta koyi rashin kunya. Na sani, Nababa. Na fi ka sani. Idon nan da aka ce kar in bari ruwa ya taɓa, ka tambayi Aina'u abin da yake yi kullum. Shi ya sa nake neman addu'a. Harsashin da zai zo ba zai tsaya ya tambaya mace ce ko namiji ba. Kai kaɗai ne kake tambaya.

NABABA: Ina yi mata addu'a. A sujada, a ɗakina, ba wanda ya sani. Sai an yi a lasifika Allah yake karɓa?

INNA: To ka daina yi wa 'ya'yan mutane a lasifikar. Kowa ya je ɗakinsa.

NABABA: Haba Inna.

INNA: Ba haba. Ko a yi wa kowa, ko a bar wa kowa.

NABABA: Liman ba zai yarda ba. Mun taɓa zancen da shi a kaikaice. Ya ce sunan mace ba abin yawo da shi ba ne a bainar maza.

INNA: Wane Liman? Khamisu? Wanda na goya ranar da uwarsa ta tafi awo? To tsaya in tambaye ka. Bara da matar Mai Unguwa ta rasu, wa ya sanar?

NABABA: Ni.

INNA: A ina?

NABABA: A lasifika.

INNA: Ka ce me?

NABABA: Inna...

INNA: Ka ce me? Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ka. Ka ce Allah ya yi wa Hajiya Halimatussa'adiya rasuwa, za a yi jana'iza bayan azahar. Sunan nan mai tsawo kamar igiyar guga, ka ja shi har ƙarshe, ba ka sarƙe ba. Khamisu yana gefenka, bai ce uffan ba.

NABABA: Wannan sanarwar mutuwa ce.

INNA: Ashe. Sunan mace yana shiga lasifika in ta mutu, amma ba ya shiga tana numfashi. To jira kake a kawo maka ita a mota, a naɗe, sannan bakinka ya buɗe?

NABABA: A'uzubillahi! Inna, wace irin magana ce wannan? Ki tofar!

INNA: Ba zan tofar ba. Kai ka sa na faɗa. Ni ma ranar da tawa ta zo, wa zai sanar in ba kai ba? Me za ka ce? Allah ya yi wa sauran 'ya'yan Musulmi rasuwa?

NABABA: Wallahi in ba don ke ce ba da na kashe wayar nan.

INNA: Kashe mana. Ai ka iya kashe magana, mun gani ran Juma'a. Alo? Alo! Aina'u, ya kashe!

NABABA: Ban kashe ba. Sabis ne yake rawa. Kina ji na?

INNA: Ina jin ka sama-sama. Hau tudu.

NABABA: Ina kan tudun. Inna, saurara. Ki bar ni in yi magana ko sau ɗaya ba ki katse ni ba.

INNA: Bismillah.

NABABA: Da sunaye huɗu nake kira. Kin tuna? Abdulkabir na Malam Sani shi ne na huɗu. Duk Juma'a ina kiransa, ubansa yana sahun gaba yana cewa amin da ƙarfi. Ranar da labari ya zo, ni aka tasa na sanar. Juma'ar da ta biyo, na zo wurin sunansa, bakina ya riga ya saba, na fara, na haɗiye. Malam Sani ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har aka watse. Har yau ban sa kowa a wurin ba. Shi ne kike so in sa Ummi a gurbin nan? A daidai wurin nan?

INNA: Allah ya jiƙan Abdulkabir.

NABABA: Amin.

INNA: Yaron kirki. Shi yake ɗauko mini ruwa in ya ga tulu ya fi ƙarfina. Na ji ka, ɗana. Wallahi na ji ka har cikin raina. Amma ba kiran suna ne ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Kuma ka je ka tambayi Malam Sani, a duk abin da ya rage masa, me ya fi riƙewa? Zai ce maka gari guda ya taɓa cewa amin a kan ɗansa.

NABABA: Shi namiji ne.

INNA: Af! Mun dawo gindin tsamiya. Na ɗauka ka yi gaba, ashe zagaye ka yi.

NABABA: Gaskiya ce ai. In na kira ta, gobe kafin la'asar an kai zancen har kasuwar Dawakin Tofa. 'Yar ladan tana yaƙi. Wa zai zo neman aurenta? Ƙannenta mata fa, su wa zai kalle su? Kin yi tunanin wannan?

INNA: Wanda tsoron mace mai bindiga zai hana shi zuwa, ya zauna gidansu, mun gode. Ƙannenta kuwa, wa yake saya musu littafi yanzu? Bar wannan ma, ban kira don shi ba. Lokacin da 'yan bindiga suka tare hanya suka kwashe matan ƙauyen su Fadima, da kunnena na ji ka kana cewa ina sojoji, ina hukuma, me ya sa ba a turo kowa ba. To ga shi an samu mai zuwa. Daga gidanka ta fito. Shi ne kake ɓoye ta kamar cikin shege.

NABABA: Inna! Ki ji tsoron Allah.

INNA: Shi nake ji, shi ya sa ba na jin naka.

NABABA: Maza sun ƙare ne a ƙasar, sai 'yata?

INNA: Ban sani ba, ban ƙirga su ba. Na dai san da muna noma gandu da ubanka, ba wanda ya ce mata su koma gida don rana ta yi zafi. Da ciki na ɗauki dami daga fadamar nan da kake tsaye, cikinka ma kuwa. Ranar ba a ce aikin maza ba ne. Sai in an zo wurin yabo da addu'a ake tuna wane ne namiji.

NABABA: Noma daban, yaƙi daban.

INNA: Daban ne. Ita ma ta san daban ne, ba wanda ya rufe mata ido. Ta zaɓa. Ni ban ce ka so ba, Nababa. Ni kaina da za ta ji tawa, da tana nan kusa tana koyar da yara. Na gaya mata, ta ce Inna wannan nake so. Na ga idonta, na san irin nawa ne, na ƙyale ta. Ba yardarka nake roƙo ba, wannan ta wuce. Suna kawai. Numfashi ɗaya.

NABABA: To a bari sai wata Juma'ar. In shawo kan Liman a hankali, in fara da Mai Unguwa...

INNA: Babu wata Juma'ar.

NABABA: Kamar yaya babu?

INNA: Jibi Asabar za a kwashe su zuwa daji. Ta ce in sun tashi za a karɓe wayoyinsu, ba ta san ranar da za a mayar musu ba.

NABABA: Jibi? Wane dajin?

INNA: Ba ta faɗa ba, ta ce an hana su.

NABABA: Kuma ni ba ta gaya mini ba? Ni ubanta? Sai ke?

INNA: Ta kira ka sau nawa tun ranar Juma'ar, ka ɗauka?

NABABA: Ina gona. Wayar tana aljihun riga a rataye.

INNA: Ni da na kira yanzu rigar ce ta ɗauka?

NABABA: ...Me ta ce?

INNA: Ba ta yi kuka ba, in shi kake tambaya. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, Inna, ashe Baba bai ƙirga ni ba. Shi ke nan. Sai ta hau tambayata ido, kamar ba ta faɗi komai ba.

NABABA: Ita ta jawo. Na ce mata kar ta je.

INNA: Ka faɗa, ta ji, ta tafi. Kai ma ubanka ya ce ka bi shi fatauci, ka ce kai allo za ka riƙe. Ya yi fushi wata guda, amma ranar saukarka shi ya fi kowa rabon goro. Bai ce sauran 'ya'yan Musulmi sun sauke ba.

NABABA: Ba ki san halin mutanen nan ba ne, Inna. Akwai masu jiran in yi kuskure. Ɗan'uwan Liman ya daɗe yana son lasifikar nan. In na kira sunan mace ba da izini ba, wallahi kafin magariba sun karɓe makullin.

INNA: Su karɓa.

NABABA: Su karɓa? Aikin da na yi tun ina saurayi?

INNA: Su karɓa, na ce. Masallaci zai samu wani ladan kafin a kira isha'i. Ita a ina za ta samo wani uban kafin Asabar?

NABABA: Kin iya magana, Inna. Kullum kin iya. Ke kina Bacirawa kan katifa, ni zan tsaya gaban mutane.

INNA: Au, haka ne? To ba zan bar ka kai kaɗai ba. Aina'u! Gobe da sassafe ki nemo mana mota, gida za ni.

NABABA: Wane gida? Likita ya ce kar ki shiga ƙura!

INNA: Likita ba shi da jika a bayan mota. Zan zo da bandejina, in shimfiɗa tabarma gindin dalbejiyar ƙofar masallaci. In ka kira, in shafa in koma. In ka tsallake, in miƙe in kira da kaina. Muryata ba ta buƙatar lasifika, ka sani, da ita nake kiran ka daga fadama.

NABABA: Ki rufa mini asiri. Tsohuwa a ƙofar masallacin Juma'a tana ɗaga murya? So kike a yi da ni har in mutu?

INNA: Zaɓi ɗaya. Ko a yi da kai don 'yarka, ko a yi da kai don uwarka. Duk suna ɗaya ne za a ji.

NABABA: Wannan ba roƙo ba ne, tilas ce.

INNA: Da roƙo na fara, ba ka ji ba.

NABABA: Kar ki zo. Na ce kar ki zo, Inna. In idon nan ya lalace ni za a zaga.

INNA: To me zan gaya wa yarinyar? Ta ce gobe ma za ta kira Maimunat. Na ce mata kar ta wahalar da kanta, ta ce a'a, ko bai kira ni ba ina so in ji muryarsa kafin in tafi. Ka ji irin 'yar da kake jin kunyarta. Aina'u tana yi mini alama wai katin ya kusa ƙarewa. Matar nan ta cikin waya ta fara surutunta. Yi magana, Abdulmumini, yau da sunanka na yanka na kira ka.

NABABA: Katangar su Maimunat ta yamma ce ko?

INNA: Me?

NABABA: Na ce gidan su Maimunat, yamma da masallaci yake.

INNA: Yau ka fara sanin garin? Yamma ne. Me ya kawo wannan?

NABABA: Lasifikar yamma ruwan shekaranjiya ya shige ta, shaƙewa take yi. Ba za ta ji komai ba daga can. Ki ce ta zagaya gidan Hure, ta gabas. Ta tsaya daidai zaure.

INNA: Za ka kira ke nan?

NABABA: Ban ce zan kira ba.

INNA: To me ka ce?

NABABA: Na ce ta gabas ce mai fita sosai. Kuma ke ki zauna inda kike, ki ɗiga maganinki.

INNA: Da sunan uba ake haɗawa, ka sani ko? Yadda ka yi wa na Nata'ala. Ba Ummi ba, ba 'yar gidan wane ba. Hauwa'u Abdulmumini. Ka ji ni? Kar ka cinye rabin a maƙogwaro, ka buɗe baki yadda kake yi da asu... Alo? Nababa? Alo! Aina'u, ya ƙare ne ko shi ya kashe? Bar shi. Nemo mini lambar Maimunat.